Burtali A Ƙarƙashin Teku

Duk wanda ya tashi a karkara ya san burtali, watau hanyar nan da ake bari tsakanin gonaki domin shanu su bi su kai ga mashaya. Mai gonar da ke gefe ba shi da ikon toshe ta, ko da kuwa kakansa ne ya sare dajin. Burtali ne ya faɗo mini a rai sa'ad da nake nazarin wata gardama da ta daɗe tsakanin masu harkar man fetur, wadda filinta ƙarƙashin teku ne. Gardamar ita ce: idan kamfani ya kashe dukiyarsa ya shimfiɗa bututu daga rijiyoyinsa na cikin teku zuwa gaɓa, shin yana da ikon hana wani kamfanin zuba nasa man ko gas a ciki, ko kuma ya tsawwala masa kuɗi yadda ya ga dama? Ra'ayina shi ne ba shi da wannan iko, kuma wajibi ne hukuma ta tsaya a tsakani da doka mai cizo.

Kafin mu shiga batun doka, ya kamata mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa ba kowa ke shimfiɗa nasa bututun ba. Idan aka ninka faɗin bakin bututu sau biyu, filin da mai zai bi a cikinsa ya ninku sau huɗu, kuma da yake gogayyar mai da jikin ƙarfe tana raguwa, abin da bututun zai ɗauka yakan haura ninki biyar. To amma kuɗin binciken ƙasan teku, da hayar jirgin da ke walda yana sauke bututu cikin ruwa, da na masu nutso, ba sa ninkuwa haka. Saboda haka babban bututu guda ya fi ƙanana uku araha nesa ba kusa ba. Sakamakon wannan lissafi shi ne wanda ya riga kowa zuwa shi ne mai hanya, kuma duk wanda ya zo bayansa sai dai ya yi masa sallama.

Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Birtaniya da Norwe, shi ne makarantar da aka fi koyon wannan darasi. A shekarar 1970 kamfanin BP ya gano babban filin mai na Forties, ya kuma fara fitar da mai a 1975 ta bututun da ya ratsa kimanin kilomita 169 a ƙasan ruwa zuwa Cruden Bay a gaɓar Sikotilan. An yi bututun ne domin fili guda. Amma rijiyar mai ba kogi ba ce. Tana tsufa, ƙarfinta yana raguwa shekara da shekara. Da man Forties ya ja baya sai sarari ya samu a cikin bututun, daidai lokacin da ake gano ƙananan filaye a kewaye, waɗanda arzikinsu bai kai a yi musu hanya ta kansu ba. Sannu a hankali filaye fiye da 80 suka jingina da wannan bututu. Har ta kai BP ya sayar da filin kansa ga kamfanin Apache a 2003, sannan a 2017 ya sayar wa kamfanin Ineos bututun a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala miliyan 250. Hanyar ta zama sana'a mai zaman kanta.

A nan ne gizo ke saƙa. Ƙaramin fili yana rayuwa ne ko ya mutu bisa ga kuɗin fiton da mai bututu ya yanka. Idan kuɗin ya yi yawa, ko kuma aka yi ta jan ciniki shekara biyu ko uku lauyoyi suna kai-komo, sai mai ƙaramin fili ya tattara ya tafi, man ya tabbata a ƙasa. Kuma wannan asara ba ta jira, domin bututu yana da ajali. Ran da man da ke bi ta cikinsa ya gaza biyan kuɗin kula da shi, za a rufe shi, kuma duk rijiyar da ba a haɗa ba kafin wannan rana ta rasa hanya ke nan har abada. Ƙasa ta yi asarar haraji, mai bututu ma ya gajarta ran kayansa da hannunsa.

Ba zan ɓoye hujjar masu bututu ba, domin tana da nauyi. Burtali ba wanda ya gina shi, bututu kuwa an zuba masa dukiya a lokacin da ba a da tabbacin za ta dawo. Bugu da ƙari, baƙo yakan zo da nasa hali. Alal misali, lokacin da filin Buzzard ya fara zuba mansa a bututun Forties a 2007, man nan mai yawan farar wuta ne, sai ya gauraya da na kowa, ya rage wa man Forties daraja, har aka shigo da rangwame a farashinsa gwargwadon farar wutar da ke ciki. Wanda mansa ke da tsabta yana da gaskiya idan ya nemi diyya. Haka kuma dogaro da hanya guda yana da haɗari: a watan Disamba na 2017 an ga ɗan tsagu a sashen bututun da ke kan tudu kusa da Aberdeen, aka rufe shi kusan mako uku, ganga kimanin 450,000 ta tsaya a kullum, farashin mai ya ɗaga a kasuwar duniya. Amma duk waɗannan dalilai ne na a tsara ƙa'ida a kan inganci da diyya da kulawa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya halatta rufe ƙofa.

Birtaniya ta fara ne da lallashi. A 1996 kamfanoni suka amince da wata ƙa'idar ganin-dama, aka sake ta a 2004 da sharaɗin cewa idan wata shida suka wuce ba a daidaita ba, a kai magana gaban hukuma. Dokar makamashi ta 2011 ta ba hukuma ikon yanka sharuɗɗa da kanta. Duk da haka, rahoton da Sir Ian Wood ya gabatar wa gwamnati a 2014 ya nuna cewa tsananin ƙeƙe-da-ƙeƙe na ciniki da na shari'a yana hana a fitar da man da ya kamata a fitar, abin da ya kai ga kafa sabuwar hukumar kula da harkar. Ƙaramin kamfani, a ganina, yakan ji nauyin kai ƙarar wanda gobe zai riƙe masa maƙogwaro.

Norwe ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi burge ni. A 2001 ta kafa Gassco, kamfanin gwamnati wanda aikinsa kawai tafiyar da bututan gas, ba ya da rijiya balle ya fifita kansa. A 2003 aka haɗe manyan bututan a ƙarƙashin mallaka guda mai suna Gassled, ma'aikatar mai kuma ita ke yanka kuɗin fito, kowa ya san shi tun kafin ya haƙa. Manufarsu ita ce a ci riba a rijiya, hanya kuwa ta tsaya a kan riba madaidaiciya. Sai dai su ma ba su tsira daga rigima ba. A 2013 gwamnati ta zaftare kusan kashi 90 cikin 100 na wani babban sashe na kuɗin a kan sababbin yarjejeniyoyi, masu jari na waje da suka sayi hannu a bututan suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba gwamnati gaskiya a 2018. Ta yi nasara a kotu, amma a nawa ganin sauya ƙa'ida bayan mutane sun zuba kuɗinsu abu ne da ke sa mai jari ya yi taka-tsantsan gobe.

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, mafi yawansa a cikin teku yake, daga Legas ya bi gaɓar Binin da Togo zuwa Takoradi a Gana. Da farko dillali guda ne ke da ikon aika gas ta cikinsa, sai a 2012 aka buɗe shi ga wasu. A watan Agusta na wannan shekara ƙugiyar wani jirgi ta fasa shi kusa da Lome, ya zauna kusan shekara ba aiki, mutanen Gana suka ɗanɗana duhu. Amma daga 2019 aka sami damar juya akalarsa, gas ɗin da Gana ke haƙowa a tekunta na yamma yana bi ta ciki daga Takoradi zuwa Tema, amfanin da waɗanda suka zana shi ba su sa a gaba ba.

A tekun Nijeriya matsalar ta fi tsanani a kan gas. Ɗanyen mai ana iya tara shi a jirgin da ke daure a kan fili, kamar yadda ake yi a Bonga tun 2005, tanka ta zo ta kwasa. Gas ɗin da ke fitowa tare da shi kuwa ba ya ɗurawa a ganga. Na Bonga yana da bututun da ke kai shi masana'antar sarrafa gas ta Bonny. Ƙaramin kamfanin da ba shi da irin wannan hanya sai ya mayar da nasa ƙasa ko ya ƙone shi a iska. Tsarin mulkin 1999 ya ce man da gas ɗin da ke ƙarƙashin tekun ƙasar na Gwamnatin Tarayya ne, kuma kuɗin shimfiɗa bututu ana cire shi daga harajin kamfani, watau talaka ma ya biya nasa kason. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta tanadi damar shigar wasu cikin bututan da ba nasu ba. Abin da zai ba wannan tanadi rai abu uku ne: a tilasta wa kowane mai bututu ya bayyana sararin da ya rage masa da kuɗin fitonsa a fili, a sa wa ciniki wa'adi, sannan idan wa'adin ya cika hukuma ta shiga da kanta ba sai ƙaramin kamfani ya kai ƙara ba. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ba shi da rijiya ko guda a kan hanyarsa. Abin da zai ɗauko zuwa Arewa sai wanda aka bari ya wuce ta bututan Kudu.