Dankalin Hausa Ma Yana da Dangi a Daji

Jama'a, duk wanda ya taɓa sauke buhun dankali a Mile 12 ya tarar ƙwaro ya huda rabinsa, ya san zafin asara. Manomi a gida kuma yana fama da cutar da ke murɗe ganye, ga fari.

Muna ce masa dankalin Hausa, amma asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Har yau danginsa na daji suna can, mafi kusa shi ne wanda masana ke kira Ipomoea trifida. Ba mai yi musu ban-ruwa ko feshi, duk da haka suna rayuwa. Wannan juriyar ce masu inganta iri ke son kwasowa su zuba a dankalinmu. Aikin ba wasa ba ne, don ƙullin ƙwayoyin gado 90 ne a dankali, a trifida kuwa yawanci 30.

Wani zai ce ina amfanin kashe kuɗi a kan ciyawa? Ni dai ina ganin Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima a Peru ta yi daidai da take adana su, domin in an share dajin, sun tafi ke nan.

Mu ma da namu aikin. Sabon iri mai ruwan lemo, irin wanda cibiyar Umudike ta fitar, yana da bitamin A, a shuka shi. Amma 'yan kasuwa, in kun je sari, ku roƙi manoma su bar wa tsohon fari da ja ko da kunya biyar ce.