HAƊA KWAMFUTA: DAIDAI RUWA DAIDAI TSAKI

A 'yan shekarun nan samarinmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun kama sana'o'in da iyayensu ba su gada ba. Wasu suna tace bidiyon biki, wasu suna zanen gidaje, wasu kuwa suna tsara katin ɗaurin aure da allunan talla. Da yake ƙaramar kwamfuta ba ta ɗaukar irin wannan aiki, sai yaro ya sayar da shinkafa ko masarar da ya noma, ya hau mota a Kwanar Ɗangora, ya nufi titin Beirut a birnin Kano don ya sayo kayan da zai haɗa babbar kwamfuta da hannunsa. Wannan abin yabo ne ƙwarai, amma akwai gyara.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba yawancin kuɗin a kan katin hoto mai suna, abin da ya rage kuma a sayi akwatin wuta na araha. A ganina wannan gini ne ba harsashi. Katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2022, shi kaɗai yana jan wuta har wat 450, alhali ƙanensa RTX 4060 wat 115 ya ishe shi. Wanda shagonsa ya dogara da sola ko ƙaramin janareta, in ya sayi na farkon, ya sayo wa kansa ƙarin batura da kuɗin fetur na kullum, ga shi kuwa tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda lita take. Bidiyon biki da zanen gida mai ɗaki huɗu ba su bukatar wannan ƙasaita.

Saboda haka abin da ya kamata a fara saya shi ne akwatin wuta mai inganci, mai shaidar 80 Plus, da sitabilaiza, da batirin da zai riƙe na'urar idan an ɗauke wuta. A nan ne araha ba ta ado, domin ranar da wuta ta zo da ƙarfi, akwatin banza yakan ƙone ya tafi da sauran kayan duka. Bayan wannan sai akwati mai wadatar fankoki da ragar tare ƙura, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu sun fi kowane aiki gajiyar da kwamfuta a ƙasarmu.

Sa'an nan a lura da jituwar kaya. Furosesa tana da mazaunin da ya dace da ita a kan babban faifan da 'yan kasuwa ke kira madabod. Mazaunin AM5 na kamfanin AMD, wanda ya zo a 2022, ba ya karɓar ram sai DDR5, shi kuwa AM4 na 2016 yana aiki da DDR4. Tun da farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe kasuwa, babu abin kunya mutum ya tsaya a kan tsohon tsari, ya fara da gigabayit 16, in ciniki ya buɗe ya ƙara. Ma'adanar SSD kuwa kada a yi mata rowa, domin ita ce ke sa na'ura ta yi sauri.

Wani zai ce gara a sayi mafi tsada yau, tun da kayan daga waje suke zuwa, darajar Naira kuma ta faɗi sosai bayan an sake ta a watan Yuni na 2023. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ƙarfin da ba a amfani da shi jari ne a kwance, kuma kafin a bukace shi sabon samfuri ya karya masa daraja.

Ina kira ga iyaye da 'yan'uwa masu ba yara jari su riƙa tambaya: wane aiki za a yi da ita, kuma wace wuta za ta ɗauke ta? Masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah, su bambanta sabo da na hannu, su gwada kaya a gaban mai saye, su ba shi rasit. Guminsa na damina guda ne yaron nan ya ɗauko. Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, amin.