Dubiya Ba Ta Juya Majinyaci

  

Yau faɗa zan yi, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri. Mun iya cika baki cewa mu ba ma kai tsofaffinmu gidan gajiyayyu kamar Turawa. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. To amma a shiga ɗakin da aka kwantar da tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, a ɗaga rigarsa a duba gindin bayansa da dunduniyarsa, sannan a zo a yi alfaharin.

Gyambon kwanciya nake nufi. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe ɗaya, ƙashi yana danne nama a kan katifa ko tabarma, jini ya kasa wucewa, naman ya fara mutuwa. Cikin 'yan awoyi ɓarnar take somawa. Fitsari da gumi da ƙarancin abinci suna ƙara mata gudu. In ya yi zurfi har ƙashi yake kaiwa, ƙwayoyin cuta su shiga jini, a rasa mutum. Sai mu ce ai tsufa ne, ciwon ajali ne. Jama'a, ajali na Allah ne, amma juya majinyaci aikinmu ne.

A Amurka, tun 2008 shirin inshorar tsofaffi na Medicare ya daina biyan asibiti ƙarin kuɗi kan gyambo mai zurfi da ya fito wa mutum bayan an kwantar da shi. Wato sun ɗauke shi abin da ake iya karewa. Nan Ingila, a gidan tsofaffin da nake aikin ƙarshen mako don rage kuɗin makaranta, duk juyi sai an rubuta lokacinsa a takarda an sa hannu. Ba su fi mu son iyaye ba. Tsari suka fi mu.

Mu kuwa fa? Mutum 30 su zo dubiya da lemo da ayaba, a yi hira a watse, a bar wa mace ɗaya wanki da ciyarwa da juya ƙaton mutum dare da rana. Maza su ce kunya. Wace kunya ce za ta bar bayan mahaifinka ya ruɓe? Na ƙasar waje kuma su aika kuɗi su ce sun gama.

Ga abin da nake roƙo. A raba awoyi, a rubuta sunaye a manna a bango. A riƙa juya shi duk bayan awa 2 ko makamancin haka. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani a ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa. A ɗaga shi, kada a ja shi. A canza shimfiɗa da ta jiƙe. A ba shi wake, ƙwai, kifi, madara da ruwa.

Kullum a duba ƙeya, allon kafaɗa, kwatangwalo da idon sawu. A fatarmu ja ba ya nunawa sosai, don haka a nemi wurin da ya yi duhu, ko zafi, ko tauri. Kada a murza wurin, kada a gasa shi. In fata ta fashe, sai asibiti.

Wanda ya karanta ya karanta wa na gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.

Sai mun haɗu a wasiƙa ta gaba. Naku, daga Ingila.