Ƙaramin fim gayya ce, ku koyi yadda ake kiranta

A makon jiya wata uwa ta tare ni a ƙofar lakwal, ko gaisuwa ba ta gama ba ta miƙo mini wayar ɗiyarta. "Mushe, karanta ka gani." Yarinyar a ajina take, shekarunta 15, bana za ta zauna jarabawar BEPC. Saƙo ne na WhatsApp, an turo shi da ƙarfe 11 da rabi na dare: "Slt kyakkyawa. Muna shirya fim, fuskarki ta dace. Turo hotonki uku. Ki zo asabar, kar ki faɗa a gida tukuna." Babu sunan mai saƙon, babu sunan fim, babu wurin da za a je.

Na kira lambar a gaban uwar, ina tsammanin muryar wani ɗan iska. Sai na ji saurayi mai ladabi, har da "ranka ya daɗe". Fim ɗin gaskiya ne, na minti 12, shi da abokansa uku suke haɗa shi da kamara ɗaya ta aro. Labarin kuwa, ku riƙe baki, a kan yarinyar da aka cire daga lakwal aka yi wa aure ne. Mai son ya kare mutuncin ƴan mata a fim, shi ne ya shiga wayar ɗiyar mutane da tsakar dare yana ce mata ta ɓoye wa uwarta. Da na tambaye shi dalili, amsarsa ita ce wadda nake ji daga bakin duk irinsa: "Mushe, ƙaramin fim ne, ba mu da kuɗi."

Wannan amsa ce nake son in yi faɗa da ita, don ta zama bargon da matasanmu masu fim a Maraɗi da Damagaram da Tawa suke rufa da shi. Me ya haɗa rashin kuɗi da rashin sallama? Sefa nawa ake biya kafin mutum ya faɗi sunansa da sunan ubansa?

Aikin da ba a da kuɗin biyansa ba yau Bahaushe ya fara shi ba. Sunansa gayya. Manomin da noma ya fi ƙarfinsa ba ya aika yaro da dare ya raɗa wa ƴaƴan maƙwabta su sato jiki. Da ƙafarsa yake zuwa, gida gida, ya gaida mai gida, ya faɗi rana, ya faɗi gonar. Kowa ya san ba lada, amma kowa ya san akwai fura da tuwo da goro, kuma ranar da tasa gayyar ta tashi za a rama masa. Wanda ba shi da abin biya shi ya fi kowa bukatar ladabi, domin alfarma yake roƙo. Masu fim ɗinmu sun juya abin: suna roƙon alfarma da muryar mai ba da alfarma, kamar cewa "fuskarki ta dace" wata kyauta ce da za a yi musu godiya a kai.

Ko babba ne kake nema, irin tsofaffin ƴan wasan kwaikwayo da muka tashi muna saurare a rediyo, saƙonka na farko ya kamata ya ishi mutum yanke shawara ba tare da ya yi ta jan magana daga bakinka ba. Wane ne kai, a wace unguwa kake, wa ya ba ka lambarsa. Mene ne labarin, kuma wane mutum zai fito a ciki: uba ne, ɓarawo ne, boka ne. Kwana nawa, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, a ina. Sai maganar kuɗi, wadda a nan ne ƙarya ta fi yawa. In jika biyu ne, ka ce jika biyu. In kuɗin kabu-kabu ne kawai da abincin rana, ka faɗa haka. In babu ko dala, ka ce babu, mutum ya zo don Allah ko ya ƙi. "Za mu ga abin da ya samu" ba magana ba ce, tarko ne, kuma na san abota da yawa da ta mutu a kansa. Wanda ka gwada kuma ba ka ɗauka ba, ka kira shi ka gaya masa, kada ya fara ganin fim ɗin a wayar wani.

Yaron da ke ƙarƙashin iyaye kuwa, ba a fara magana da shi ma. Da uba ake farawa, ko uwa, ko wanda ke riƙonsa, da rana, ido da ido. Neman hoton yarinya ta waya ba shi da wani suna mai kyau, ko da niyyarka fara ce kamar nono.

Na san abin da za su ce: "In muka bi ta iyaye, ƙi za su yi." Wasu za su ƙi, i. To ƙin nan haƙƙinsu ne, kuma ba jahilci ne ya kawo shi ba. Ƙasar nan ta san fim tun kafin a haifi masu wannan ƙorafi. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, inda Zalika Souley ta fito tana budurwa. A 1972 Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ita ma tana ciki, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Duk da wannan ɗaukaka, mutanen gari sun riƙa ɗora mata halin matan da take fitowa a matsayinsu, kuma fim ɗin Al'lèèssi da Rahmatou Keïta ta yi a kanta a 2004 ya nuna ta cikin talauci a Yamai. Ta rasu a 2021. A zamaninta sai an sayi tikiti an shiga silima ake ganin fuskarta. Yau minti ɗaya da aka yanko daga fim ya hau TikTok ko YouTube, shi ke nan, ba ya saukowa. Dangin wanda zai zo neman aurenta bayan shekara biyar za su iya tono shi. Mai fim ya wuce zuwa wani fim, yarinya ce za ta zauna a unguwa da fuskarta. Saboda haka uban da ya tambayi ina za a nuna abin, kuma wace irin mace ɗiyarsa za ta fito, tambayar mai hankali ya yi. Wanda ya zagaye shi ya san amsar ce ba za ta yi daɗi ba.

Mu ma malamai da laifinmu. Akwai abokan aikinmu da ke miƙa lambobin ɗalibai don an ce musu fim ɗin na faɗakarwa ne, akwai masu buɗe aji ranar asabar a ɗauki hoto ba tare da sanin darakta ko ƙungiyar iyaye ba. Lambar ɗalibi amana ce, ba tamu ba ce. Duk mai fim da ya zo wurina, takarda nake cewa ya rubuto, da sunansa da labarin da ranakun, in kai wa darakta, mu kira iyaye. Mai gaskiya yana dawowa da takardar. Saura ba na sake ganinsu.

Iyaye kuma, a daina sauke fushi a kan yara. Yarinyar nan ba ta amsa saƙon ba, uwarta ta kai wa da safe. Da an mare ta an ƙwace wayar, saƙo na gaba ba wanda zai gan shi.

Saurayin dai na ce masa in da gaske yake, ya samo babba a danginsa su je gidan. Ya je da kawunsa bayan la'asar, da labarin a rubuce. Uban ya sa an karanta masa daga farko har ƙarshe, ya ce ba yanzu ba, sai an gama BEPC, kuma in za a yi, yayanta zai raka ta kullum ya dawo da ita kafin magariba. Ya ƙara da cewa a cire wurin da mijin ke marin amarya, ko a nemi wata. Saurayin ya ce zai yi shawara da abokansa.