Ramin da aka bari a buɗe bashi ne, kuma makiyayi ke biyan shi

Duk inda aka ce zinariya ta fito, cikin sati guda daji ya koma kasuwa. Mun gani a Jado a 2014, mun gani a Komabangu, mun gani kusa da gida a Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, inda rami ya rufta a Garin Liman a watan Nuwamba na 2021, mutane aƙalla 18 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Idan zinariya ta ƙare ko hukuma ta rufe wurin, masu haƙa su watse, ƴan kasuwa su kwashe rumfunansu. Makiyayi ne ke komowa da garkensa, shi ke gadon ramuka da tulin tsakuwa da ruwan da bai san abin da ke cikinsa ba.

Ra'ayina shi ne: ba a gama aikin haƙa ba sai ranar da saniya za ta ci ciyawar wurin, ta sha ruwansa, ta kwana lafiya, a tatsi nononta a ba yaro. Wannan ne ma'aunin, kuma mu masu bisashe ya kamata mu riƙe shi, don babu mai riƙe mana.

Mu fara da abin da ke kashe dabba. Ramin da ido ke gani, wanda raƙumi ke karyewa a ciki da dare, shi ne ƙaramar matsala. Babbar tana cikin ƙasa da ruwa. Masu wankin zinariya suna aiki da zaiba da siyanur. Siyanur na kashe dabba nan take idan ta sha daga kwatamin wanki. Zaiba kuwa taruwa take yi a jiki sannu a hankali. Akwai kuma dalma, wadda a wasu wurare take haɗe da dutsen zinariyar kansa. A 2010, a Zamfara, maƙwabtanmu na kudu, ƙurar dutse mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Saniyar da ta ci dalma takan makance, ta riƙa cizon haƙora, tana tangaɗi. Wadda ba ta mutu ba tana iya kai gubar cikin nono da hanta har kwanon mai gida. A Zamfara sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka binne ta, aka zubo sabuwa, kafin maganin yaran ya yi amfani.

Saboda haka ban yarda da gyaran da ake yi don hoto ba: a tura ƙasa cikin rami, a dasa itace ɗari, a kafa allo, a tafi. Gyara na gaskiya yana da matakai, kuma kowane yana da dalilinsa.

Na farko, tun kafin a haƙa. Ƙasar sama, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, ita ke ɗauke da irin ciyawa da taki. A kankare ta a tara gefe guda, a maida ta sama idan an cike ramin. Idan aka cakuɗa ta da ta ƙarƙashi, abin da ke fitowa garmani ne, wanda duk mun san yadda ya cinye burtali da makiyaya a Maraɗi da Damagaram.

Na biyu, awo. Kafin a buɗe wuri ga bisashe, a ɗebi ƙasa da ruwa da ciyawa a auna, a karanta sakamakon gaban jama'a da harshen da suke ji. Tsanwar ciyawa ba shaidar lafiya ba ce.

Na uku, aikin da hannunmu ya riga ya sani. Rabin wata, tassa, jeren duwatsu: da su aka raya faƙo a Keita tun daga 1984. A watsa irin kyasuwa, ƙarangiya da gadagi cikin rabin wata, a sa gamba a bakin kunya, a dasa ɗakwara, aduwa, magarya da bagaruwa. Ramin tsakuwa na bakin hanya ko ramin da aka ɗebi farar ƙasa a yankin Malbaza, inda babu guba, ana iya kwantar da gefensa ya zama mashaya, maimakon gangaren da ke cinye maruƙa.

Amma akwai wuraren da bai kamata a maida su makiyaya ba har abada, kuma gara mu faɗi haka da bakinmu. Kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙar iraniyom ta Akuta, kusa da Arlit, ranar 31 ga Maris 2021, ya bar kimanin tan miliyan 20 na dusar ma'adini mai tururin guba. Shirin da aka tsara shi ne a lulluɓe tulin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2. Irin wannan wuri shinge yake buƙata da tsaro na tsawon zamani. Abin da makiyayan yankin suka cancanta shi ne rijiyoyi masu tsabta da wani filin a madadinsa.

Za a ce da ni: kamfani yana da kuɗi, amma masu haƙar gargajiya ƴaƴanmu ne, talauci ya kai su, wa zai biya? Gaskiya ne, kuma ba na neman a kore su. Sai dai a bakin kowane rami akwai mai injin niƙa, mai sayen zinariya, mai karɓar haraji. Daga cikin wannan kuɗi ya kamata a ware na cike rami tun ana cikin samu. Tun 2006 doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga kananan hukumomin jihar da ake haƙar. Wakilan ƙungiyoyinmu su je ofishin komin su tambaya nawa ya shigo, nawa aka sa a gyaran filaye.

Sai abin da ya fi damuna. Filin da aka gyara yana da kyau, kuma abu mai kyau ba ya rasa mai so. Idan ba a rubuta shi ba, bayan damana uku za a wayi gari wani ya shuka gero a ciki. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun ba mu madogara. A kai maganar gaban kwamitin filaye, COFO, na gari da na komin, a zagaya iyaka da maigari da arɗo, a kafa alamu, a rubuta cewa filin kiwo ne, kafin a haƙa rabin wata na farko.

Mu ma akwai namu nauyin. Sabuwar ciyawa tana son damana biyu ko uku kafin kofato ya taka ta, don ta zubar da iri. Garke ɗaya da aka saki da dare yana iya shafe aikin mutum ɗari. Ƙungiya ta sa masu gadi, ta tsaida tara, ta sanar da baƙin makiyaya masu wucewa, ta kuma bar musu hanya zuwa ruwa.

Naman daji kuma kada mu ɗauke shi kishiya. A Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018, makiyaya da namun daji suna zaune a yanki guda. Inda zabin daji, zomo da barewa suka komo, akwai mafaka, akwai iri, akwai ruwan da ba ya kisa. A bar musu kurmi a gefe ba tare da sara ko farauta ba.

Damana na tafe, ramuka za su cika. A taron ƙungiya mai zuwa, ku lissafa tsofaffin ramukan da ke yankinku, ku ware waɗanda aka yi wankin zinariya a kusa da su, ku hana bisashe shan ruwansu, ku kai takardar ga ma'aikacin kiwo da magajin gari. Dabbar da ta mutu ba zato kusa da irin wannan wuri, kada a ci namanta, a kira likitan dabbobi.