Riƙon maraya bayan furfura: wa zai karɓe shi idan ka tafi?

Tun 2019, da 'yan bindiga suka fara koro mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Rumji, gidajen talakawa ne suka fara buɗe ƙofa, kafin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a wurare irin su Cadakori. A cikin masu masaukin akwai dattawan da suka aurar da autansu, sai ga shi sun koma goyo. A Agye da Gazawa kuwa, sau da yawa abin ba na gudun hijira ba ne: uba ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya shiru, uwa ta rasu ko ta sake aure, yaro ya faɗo hannun kaka.

Na ji ana ce wa irin waɗannan tsofaffi: "Inna, ke da ya kamata ki riƙe tasbaha, ina ke ina wankin tsumma?" Ban yarda da wannan magana ba. Annabi Zakariyya (AS) yana dattijo ya ɗauki nauyin Nana Maryam. Manzon Allah (SAW) kansa, da mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6, kakansa Abdul Muɗɗalib ne ya riƙe shi. Wankin tsumman maraya ai ibada ce.

Amma akwai gaɓar da masu wa'azi kan tsallake a wannan tarihi. Shekara biyu kacal Abdul Muɗɗalib ya yi da jikan nasa, kuma bai bar duniya ba sai da ya damƙa shi ga Abu Ɗalib. Tsoho ne da ya san rana ta yi yamma.

A nan ne muke da sakaci. Shari'a ta hana a canza wa ɗan riƙo sunan mahaifinsa, kuma riƙo ba ya sa a ci gado. Ko jika ne, idan ubansa ya riga kaka rasuwa kuma akwai baffanni a raye, ba shi da kaso. Yau gonar gado a yankin Maradi ta ƙanƙance har 'yan uba ɗaya na kai juna gaban sarki kan iyaka. To ranar da aka yi sadakar bakwai aka zauna rabo, wa zai tuna da yarinyar da Inna ta raina? Yawanci tiren talla ne gadonta, ko a yi mata aure da wuri don a rage baki.

Alhali addinin ya bar ƙofa. Mutum na iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba, ko ya yi kyauta tun yana da rai, ya miƙa ta gaban shaidu. Akuya biyu ma wani abu ne. A je ofishin magajin gari a nemo wa yaro takardar haihuwa da sunan ubansa, don kada a hana shi zama jarrabawa a lakwal. Sannan a kira wanda aka amince da shi, gaban liman da mai gari, a tambaye shi ƙarara ko zai karɓa.

Na san dattawanmu ba sa son zancen wasiyya, wai kamar kiran mutuwa ne. Amma su ne dai ke sayen likkafani su ajiye a ƙasan akwati.