Gauraye Ba Ɓarna Ba Ne: Darasi Daga Ƙungiyar Mdou Moctar

Duk wanda ya taso daga Daurawa, ya ratsa Gyadi-Gyadi, ya faɗa titin Gidan Zu, ba zai rasa jin sautin fiyano yana tashi daga ɗakunan ɗaukar waƙa ba. Manazarta da dama sukan kawar da kai, su ce ai wannan ba kiɗan Hausa ba ne, kwashe-kwashe ne na Indiya da na'ura. Wannan hukunci yana bukatar a sake dubansa, domin kuwa irin sautin nan da aka raina ya yi tafiyar da masu raina shi ba su sani ba.

Kukan cewa gauraye ɓarna ne ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi shi ba. A Amurka akwai kiɗan pank, watau gajerun waƙoƙi masu sauri da fushi, akwai kuma kiɗan metal, mai nauyin amo da nuna gwanintar jita, masoyansu kuwa ba sa ga maciji da juna. Ƙungiyar D.R.I., wadda aka kafa a Houston a 1982, ta haɗa biyun, wasu masoyanta na farko suka ce ta ci amana. Amma faifanta na 1987, Crossover, shi ya zama sunan salon baki ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen Nijar da aka fi sani da Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, gidansu kuma ba sa so. A 2008 ya sauka Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da na'urar gyaran murya da kiɗan inji irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu cikin Sahara daga wayar hannu zuwa wayar hannu, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikinsu ya sa a wani faifai a 2011.

Daga baya ƙungiya ta haɗu: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, sa'an nan Mikey Coltun, wanda ya taso cikin makaɗan pank na Washington, a jita mai kauri. Sai kiɗan ya ƙara sauri da ƙara, ba tare da ya saki harshen Tamashek ba. Faifansu Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 sun yi magana a kan zaluncin da aka yi wa Afirka da hannun Faransa a Nijar. Juyin mulkin Yulin 2023 kuwa ya same su suna rangadi a Amurka, ya hana 'yan Nijar ɗin komawa gida na wani lokaci.

Mai musu zai ce, ina ruwan Sashen Hausa da mawaƙin da ba da Hausa yake waƙa ba? Amsa ita ce, tsanin da ya fara takawa na Bahaushe ne. Har ila yau, kiɗan da ake kira tsantsa shi ma gauraye ne da ya tsufa. Algaitar fada sunanta ma daga Larabawan Magrib ya zo, kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi kuwa da gwangwanin kifi akan haɗa shi. Ba asalin kayan kiɗa ne abin dubawa ba, abin da makaɗi ya faɗa da su shi ne magana.

Abin takaici shi ne, labarin Anar baƙi ne suka fi rubuta shi da harsunansu. Kundayen digiri a kan Shata da Ɗanƙwairo sun yi yawa, kuma sun cancanta, amma waɗannan an riga an taskace su. Abin da ke cikin haɗari shi ne aikin masu fiyano na titin Gidan Zu da Sakkwato, wanda ke ajiye a katin waya da kwamfutocin da kan mutu dare ɗaya. Ya kamata ɗalibi mai neman batun bincike ya ɗauki alƙalami da rakoda ya nufi can, ya tambayi wa ya koya wa wa, da wace na'ura, a wace shekara, tun masu amsar suna raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa a dace.